Darasi na Goma Sha Biyu: Sunayen da Muke Kiran Baƙi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Ɗandume ko ta Funtuwa bayan an kawar da amfanin gona ya san ba Hausa kaɗai ake ji a bakin sikeli ba. Ga mai sayen masara daga Ibadan, ga wanda zai yi lodin waken suya zuwa Anaca, ga Ba'adare mai shayi, ga Bafulatana da ƙwaryar nono, ga direban tirela da ya kwana a hanya daga Maraɗi. Kowannensu akwai sunan da muke kiransa da shi, wani a gaban idonsa, wani sai ya ba da baya. Kowane suna kuma da hanyar da ya biyo ya shigo bakinmu, da yawansu ma sun riga sun sauka daga kan mutanen da aka fara laƙaba wa, sun hau kan wasu. A wannan darasi za mu bi sawun kaɗan daga cikinsu, mu gwada karanta su da rubuta su daidai.

Baƙo da bare

Mu fara da uwar kalmomin, wato baƙo. Mace baƙuwa ce, jam'i kuma baƙi. Kada ku manta da lanƙwasar ƙ. A rubuce, baƙi na mutane da baƙi na launi da baƙin da muke haɗawa da wasali a allo duk iri ɗaya ne. A baki ne ake rarrabewa: idan mutane ake nufi ana jan "ba" ɗin, a sauran biyun kuwa a taƙaice ake faɗarsa. Ku karanta wannan jimla a bayyane, za ku ji da kunnenku: Baƙi sun zo da baƙin sa.

Kalma ɗaya Bahaushe ya yi wa mutum biyu. Wanda ka gayyata, aka share masa ɗaki, aka yanka masa kaza, baƙo ne. Wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, ya yi sallama a zaure da magariba, shi ma baƙo ne. Tunda sunan ɗaya ne, haƙƙin ma ɗaya ne: ruwan sha, tabarma, da abin da aka tuƙa a gidan. Shi ya sa ake cewa baƙonka annabinka, malamai kuma suna karantar da cewa liyafar baƙo kwana uku ce. Amma wani karin maganar ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Abin nufi, baƙunci ba ya daɗewa a jikin mutum. Ko dai ya ɗaure kayansa ya wuce, ko ya ari gona, ya yi aure, a wayi gari 'ya'yansa su ne 'yan gari. Jaririn da aka haifa jiya ma "baƙo" ake ce masa kafin ranar suna. Iyaye mata kuma in ƙyanda ta shigo gida ba su cika kama sunanta ba, sai su ce baƙon dauro ne ya sauka, suna fatan ya tafi salin-alin yadda baƙon kirki yake tafiya.

Bare kuwa daban yake. Maƙwabcinka na shekara talatin ya daɗe da fita daga baƙunci, amma ranar rabon gado ko sasanta ma'aurata bare ne, za a jira ya tashi kafin a buɗe magana. Tsawon zama ba ya goge barantaka, domin jini da dangantaka take dubawa. A littattafan fiƙihu akwai 'yar'uwarta daga Larabci, ajanabi, wato namijin da ba muharramin mace ba, ko da gidansu na jingine da juna.

Fatauci ya bar mana kalmomi biyu da suka shafi saukar baƙi. Zango shi ne inda ayari yake yada kaya a bayan gari. Fatoma kuma shi ne mai masauki, wanda yake ajiye wa falke kayansa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi rigima. Kalmar daga Barbarci muka aro ta, inda fato yake nufin gida.

Ba- a gaba, -awa a baya

Hanyar da Hausa ta fi bi wajen faɗin asalin mutum mai sauƙi ce. A sa Ba- a gaban sunan ƙasarsa: Bakatsine, Bakano, Bagobiri, Banufe. In suna da yawa a sa -awa a baya: Katsinawa, Kanawa, Gobirawa, Nufawa. Idan kun ji ƙauye ko unguwa ana ce mata Gobirawa ko Zamfarawa a nan ƙasar Katsina, galibi sunan ya riƙe labarin waɗanda suka fara sarar dajin ne. Agalawa, fataken goron da asalinsu yake komawa wajen Abzin, haka suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano har suka zama Hausawa tsantsa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, Ba'agale ne, kuma babu wanda zai ce masa baƙo a Kano.

Tafiyar Bature

Yau in an ce Bature, farar fata daga Ingila ko Amurka ake hangowa. Da can ba haka abin yake ba. Turawan farko da Hausawa suka sani Larabawan Arewacin Afirka ne, fataken Gadamus da Tarabulus da suke keto Sahara da raƙuma. A cikin birnin Kano har yanzu akwai Dandalin Turawa, unguwar da waɗannan Larabawa suka zauna. Lokacin da matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya shiga Agadas a 1850, ya tarar da mai sarautar Sarkin Turawa, wanda aikinsa kula da sha'anin fatake Larabawa ne. Shi Barth ɗin, da ya iso Katsina a farkon 1851, da sunan Abdulkarim yake yawo.

Da sojojin Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Katsina ta miƙa wuya, sai sunan ya tashi daga kan Larabawa ya koma kan sababbin masu mulki. Ƙasarsu ta zama Turai, harshensu Turanci, duk da cewa mutumin Faransa da na Jamus su ma Turawa ne amma ba Turanci suke yi ba. Daga nan kalmar ta sake yin wani tsalle, wanda a ganina ya fi na farko ban sha'awa: ta bar fata ta kama kujera. Baturen gona da baturen makaranta da farko Turawan gaske ne. Da suka tafi aka ba 'ya'yanmu muƙaman, sunan bai bi su gida ba. Shi ya sa yau baturen 'yan sanda na Malumfashi ko baturen zaɓe na Bakori zai iya zama ɗan unguwarku, baƙi wuluk, wanda bai taɓa ganin teku ba.

Tsofaffi sun fi cewa Nasara, a Nijar kuma Anasara. Wannan daga Larabci take, ita ce kalmar da Alƙur'ani yake kiran mabiya Annabi Isa da ita. Addinin baƙin aka duba aka sa musu ita, kamar yadda ake cewa "zamanin Nasara". Kada ku haɗa ta da nasarar da ake yi a yaƙi ko a jarrabawa. Garuruwa da unguwannin da ake kira Nasarawa daga wannan ta biyun suka samo suna.

Balarabe daga al-Arab ne, harafin l na Larabci ya manne wa kalmar, kamar yadda ya manne wa littafi da labari da liman. Ranar Laraba kuma daga kalmar Larabci mai nufin huɗu take, ba ta da alaƙa da Larabawa. Kamar sauti kawai ta sa yaron da aka haifa ran Laraba ake ce masa Balarabe, yarinya kuma Balaraba ko Larai. Su kuwa mutanen Labanan da Siriya da suka buɗe kantuna a Kano da Gusau bayan zuwan jirgin ƙasa, suna sayen gyaɗa suna sayar da yadi, duk da Larabci suke yi ba a ce musu Larabawa ba. Kwara aka ce musu, jam'i Kwarori. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne, na farkonsu tallar murjani suke yi a garuruwan bakin teku, sai sunan murjani na Turanci ya zama sunansu a bakin Yarabawa, ya hauro arewa ya same mu. Babu ruwansa da kogin Kwara.

Waɗanda jirgi da auduga suka kawo

Funtuwa gari ne da baƙi suka raya. Tsohon gari mai tarihi a wannan yanki Maska ne, shi ya sa har yau hakimin da yake zaune a Funtuwa Sarkin Maska ake ce masa. Abin da ya ɗaga Funtuwa shi ne layin dogo daga Zariya, wanda ya ratsa ta ya bi Gusau ya isa Ƙaurar Namoda a 1929, sai kuma auduga. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902 don nema wa masaƙun can auduga, ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka kuma buɗe gonar iri a Daudawa. Tasha da gidan gurza suna bukatar akawu da makanikai da direbobi da 'yan dako. Sai ga mutane daga kudu, ga 'yan ci-rani daga Sakkwato da Adar da Damagaram, waɗanda suke zuwa bayan kaka da niyyar komawa da ruwan fari, wasunsu kuma ba su koma ba.

Sunan Yarabawa ya daɗe a bakinmu fiye da yadda ake zato, kuma Katsina tana da hannu a tarihinsa. Waliyyi Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya yi rubutu da Larabci a kan ƙasar Yarabawa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi bayaninta a cikin Infaƙul Maisuri. A wancan zamani mutanen daular Oyo ake nufi. Egba da Ijebu da Ekiti kowa da sunansa yake amsawa. Sai a ƙarni na 19, da malaman mishan irin su Samuel Ajayi Crowther suka fara rubuta harshen, shi Crowther ya fitar da littafin kalmominsa a 1843, sunan ya game su duka. Wannan suna ne da masu shi suka karɓa hannu bibbiyu.

Na Ibo ba haka ya kasance ba. Inyamuri kwaikwayon magana ne. A harshensu nye m mmiri yana nufin "ba ni ruwa", wato abin da matafiyi ko leburan layin dogo zai fara roƙa in rana ta dake shi. Mutanenmu suka ji, suka mayar da roƙon suna. Da yawa cikinmu suna faɗa ba da nufin cin fuska ba, domin da ita suka tashi. Amma masu sunan ba sa so, musamman da yake kalmar ta sha yawo a bakunan mutane lokacin rikicin 1966, wanda Funtuwa ma bai ƙyale ta ba. Mai shagon kayan gyaran babur da aka haifa a nan, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu, bai cancanci a riƙa tuna masa ƙishirwar kakansa ba. Ibo gajeriyar kalma ce, ba ta da wuyar faɗa.

Akwai kuma ƙabila. A Larabci da a Hausar littafi, kowace al'umma ƙabila ce, har da Hausawa da Fulani. A Hausar kan titi kuwa, in an ce "wani ƙabila ne ya kama hayar ɗakin", an nufi wanda ba Bahaushe ba, galibi kuma ba Musulmi ba. Kalmar ta tattara Bajju da Tibi da Idoma da Ibo ta zuba a buhu ɗaya, ta hutar da mai magana daga tambayar ko su wane ne. Haka gwaranci, da muke kiran maganar yaro ko ta wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba: daga sunan maƙwabtanmu Gwarawa aka ciro ta, su da suke kiran kansu Gbagyi.

Ba kowace tsokana ce cin fuska ba, kada a fahimce ni a karkace. Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, duk abokan wasa ne, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne a yi dariya. Bambancin shi ne a wasan barkwanci kowa yana da bakin ramawa.

'Yan gida masu sunan waje

Abin mamaki a yankinmu shi ne mutanen da suka fi kowa daɗewa a kan wannan laka su ne suke ɗauke da sunan da ya fi kowanne nisan asali. A ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara akwai Maguzawa, Hausawa manoma da suka riƙe addinin gargajiya. A bakin mutane ana cewa sunan daga gudu yake, wai sun guje wa salla. Masana tarihi kuwa sun fi karkata ga kalmar Larabci Majusu, sunan mabiya tsohon addinin Farisa, ƙasar da ake kira Iran a yau. Shari'a ta ba Majusawa matsayin waɗanda za su zauna lafiya ƙarƙashin mulkin Musulmi su biya jiziya. Da malamanmu na da suka sa wa manoman karkara wannan suna, sun ba su mazauni ne a cikin doka, wanda ya hana a ɗauke su abokan yaƙi. Masanin nan ɗan Ingila, Murray Last, wanda ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi wajejen 1970 yana nazarin yadda suke magani da jinya.

Yau da yawansu sun musulunta, wasu kuma sun shiga addinin Kirista, sun fi son a ce musu Hausawa Kirista. Kalmar arne, wadda a wasu wurare ake cewa anne ko azne, ita ma da can manomi mai bin al'adar kakanni take nufi. A ƙasar Maraɗi akwai waɗanda suke kiran kansu Anna ba tare da jin komai ba. A nan kuwa ta zama zagi, ana jifan Kirista da ita, alhali ko a ma'anarta ta asali ba ta hau kansa ba.

Tunda manoma ne mu, bari in ratsa gona kaɗan. Masarar da ta zama abin alfaharin Funtuwa da Bakori da Ɗanja baƙuwa ce. Asalinta nahiyar Amurka, sunanta kuma yana nuna Masar, hanyar da kakanninmu suka ɗauka ta biyo. Ba ta mamaye gonakinmu ba sai bayan shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe, lokacin da takin zamani ya wadata. Kafin nan dawa da auduga ne sarakan gona.

Ranar da mu ne baƙin

Rubutun ajami da wasunku suka iya tun kafin su shigo wannan aji, sunansa daga ajam yake, kalmar da Larabawa suke kiran duk wanda ba Balarabe ba. Ashe duk wanda ya ce ya iya ajami, ya amsa sunan baƙo ke nan a idon wasu. Barebari suna ce mana Afuno. Yarabawa suna cewa Gambari. A Fulatanci wanda ba Bafulatani ba kaɗo ne, jam'i haɓe, daga nan aka sami "sarakunan Haɓe", wato waɗanda suka yi mulki kafin jihadin 1804. A Makka da Madina ana kiran mutanenmu mazauna can Takari, daga Takrur, wata tsohuwar daula a bakin kogin Sanagal da ba mu taɓa zama a cikinta ba. A Gana duk unguwar baƙi Musulmi zango ce, Hausa kuma ita ce harshen da ya haɗa su.

A Legas da Fatakwal kuma "aboki" ake ce wa ɗan arewa. Kalmarmu ce, mai daɗi, amma duk wanda ya je ci-rani ya san yadda take fita daga bakin wasu, da ma'anar mai gadi ko mai gyaran takalmi wanda bai san komai ba. Wanda ya taɓa jin zafin wannan ya riga ya fahimci abin da aka faɗa a sama game da Inyamuri.

Gwamnatoci su ma suna da nasu sunan, baƙin haure, wato waɗanda suka haura katanga ba su bi ta ƙofa ba. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawa da Yarabawa da yawa suka dawo, wasu ma can aka haife su. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora, 'yan Gana suka kwashi kaso mafi girma. Tsakanin Bakatsine da mutumin Maraɗi kuwa kalmar ba ta zauna da kyau, domin sarakunan Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina ne da suka yi arewa bayan jihadi, har yau kuma Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can.

Shekarun nan na rashin tsaro sun ƙara mana wasu kalmomi a bakin yau da kullum. Masu unguwa suna gargaɗi a kai rahoton duk wata baƙuwar fuska, kuma suna da hujja. Iyalai daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun kwararo cikin gari, ana ce musu 'yan gudun hijira, daga hijirar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi zuwa Madina. Waɗannan ba daga wata ƙasa suka zo ba, wasunsu tafiyar awa ɗaya ce tsakaninsu da gonakinsu. A wasu bakuna kuma kalmar Fulani ta fara ɗaukar ma'anar ɗan bindiga, alhali sarakunanmu da malamanmu da surukanmu da yawa Fulani ne, kuma makiyaya na cikin waɗanda aka fi kwashe wa shanu. Kun dai ga yadda Bature ya tashi daga kan Balarabe ya koma kan ɗan Ingila cikin 'yan shekaru, don haka ba sai an gaya muku cewa suna yana iya sauya mai shi muna ji muna gani ba.

Aikin aji da na gida

1. Ku rubuta jimla uku da kalmar baƙi, kowace da ma'anarta daban, ku karanta wa na kusa da ku.

2. Ku kawo mace da jam'in waɗannan: Bature, Banufe, Buzu, Bagobiri, Bamaguje.

3. Ku tattauna a aji: shekara nawa mutum zai yi a garinku kafin a daina ce masa baƙo? Mai gona da ɗan haya lissafinsu ɗaya ne? Macen da aka auro daga wani gari fa?

4. Ku sami dattijo ko dattijuwa a unguwarku, ku gaishe su, ku ce, "Baba" ko "Inna, su wa suka fara zama a nan, daga ina kuma suka zo?" Ku rubuta amsar a layi biyar, da sunan unguwar a sama, ku zo da ita ranar darasi na gaba.